RA'AYINMU: ASHE TAURA BIYU TANA TAUNUWA?

Ranar 22 ga watan Nuwamba na 2008, wani ɗalibin Jami'ar Jihar Fulorida ta Amurka mai suna Myron Rolle ya wayi gari da wajibai biyu a kansa, a garuruwa biyu masu nisa da juna. Da rana yana birnin Birmingham na Jihar Alabama, gaban kwamitin da ke tantance masu neman sukolashif ɗin Rhodes. Da dare kuwa ƙungiyar ƙwallon jami'arsa tana karawa da Jami'ar Maryland, shi kuma yana cikin masu tsaron bayanta. Aka yi masa tambayoyi, aka sanar da shi ya ci, ya hau jirgin sama ya iske an riga an fara wasa, ya sa kayansa ya shiga fili, suka kuma yi nasara da ci 37 da 3. Wannan labari muka ga ya dace mu ɗora ra'ayinmu a kansa a wannan fitowa, domin tambayar da ke cikinsa tana damun kowane ɗalibi da Allah Ya ba shi baiwar wasa.

Da farko ya kamata mu bayyana irin wasan, tun da ba shi muka saba gani ba. Ƙwallon Amurka da hannu aka fi yin ta, kowane ɓangare da mutum 11 a fili, suna sanye da kwalkwali da matasan kafaɗa saboda tsananin karo. Aikin mai tsaron baya shi ne ya bi ɗan wasan da za a jefo wa ƙwallo, ya hana shi cafewa, ko ya cafe da kansa, in kuwa abokin hamayya ya riga ya riƙe, ya kayar da shi ƙasa. Masu tsaron bayan iri biyu ne: akwai na gefe, akwai kuma na can ƙarshe, wanda in an wuce shi babu sauran kowa. Rolle na ƙarshen ne. Aiki ne mai bukatar gudu da saurin fahimta, kuma mai yinsa yakan yi karo da mutum alhali dukansu biyu suna cikin matsanancin gudu.

An haifi Rolle a 1986 a birnin Houston, iyayensa kuwa mutanen tsibiran Bahamas ne, ya kuma tashi a Jihar New Jersey. Tun yana yaro ya ƙudura zama likitan tiyatar ƙwaƙwalwa. A jami'a ya gama digirinsa na kimiyyar motsa jiki cikin shekara biyu da rabi, yana karatu yana wasa. Sukolashif ɗin da ya samu kuwa ba ƙaramin abu ba ne, gama Amurkawa 32 kaɗai ake ba kowace shekara, su tafi Jami'ar Okusfod ta Ingila. Ba mu manta ba cewa dukiyar Cecil Rhodes ce, ɗan mulkin mallakan da ya tara ta daga ma'adinan kudancin Afirka, saboda haka in jikan Afirka ya ci moriyarta ba alfarma aka yi masa ba.

To, a nan ne hanya ta rabu biyu. Ana hasashen cewa in ya shiga zaɓen sabbin 'yan wasa na gasar ƙwararru ta NFL a 2009 za a ɗauke shi da wuri, wanda aka ɗauka da wuri kuwa shi ke samun kwantaragi mai tsoka. Ya jinkirta, ya tafi Okusfod, ya yi digiri na biyu kan al'adun mutane dangane da cuta da magani. Da ya komo a 2010, sai masu neman 'yan wasa suka riƙa tambaya ko zuciyarsa tana kan ƙwallo kuwa. Zaɓen zagaye bakwai ne, amma sai a zagaye na shida ƙungiyar Tennessee Titans ta ɗauke shi, shi ne mutum na 207. Aka sallame shi a 2011, Pittsburgh Steelers ta gwada shi a 2012 ita ma ta sallame shi, bai buga ko wasa ɗaya na gasar ba. A 2013 ya koma Jami'ar Jihar Fulorida karatun likita, ya gama a 2017, sa'an nan ya shiga horon tiyatar ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a Babban Asibitin Massachusetts da ke Boston, mai alaƙa da Jami'ar Harvard. A can annobar korona ta same shi a 2020, yana cikin masu duba marasa lafiya.

Wani zai ce ai ga shaida nan, taura biyu ba ta taunuwa: ya bi karatu ya rasa ƙwallo, ya kuma rasa dukiyar da wataƙila da ya samu. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, ba za mu yi watsi da ita ba. Shekara guda ba tare da gasa ba asara ce babba ga ɗan wasa, kuma ƙuruciya ba ta jira. Amma mai wannan ra'ayi ya dubi lissafin da kyau. A cikin 'yan wasan ƙwallon Amurka na jami'o'i, waɗanda NFL ke ɗauka ba su kai biyu cikin ɗari ba. Wanda ya samu shiga kuma, matsakaicin zamansa a gasar bai wuce shekara uku da 'yan watanni ba. Watau yawancinsu sukan bar fili tun ba su cika shekara 30 ba, da sauran rayuwa mai tsawo a gabansu, wadda gudu ba zai ciyar da ita ba.

Akwai kuma abin da ya fi talauci muni. A 2002 wani likita ɗan Nijeriya, Bennet Omalu, wanda ya yi karatu a Jami'ar Nijeriya ta Nsukka, ya binciki ƙwaƙwalwar marigayi Mike Webster, tsohon ɗan wasan Pittsburgh, ya gano lalacewar da yawan buguwar kai ke haddasawa, cutar da ake taƙaita sunanta da CTE. Ya buga sakamakon a 2005, hukumomin gasar suka daɗe suna musu. Masu tsaron baya ba su tsira ba. Andre Waters na Philadelphia Eagles ya kashe kansa a 2006 yana da shekara 44. Dave Duerson, wanda ya ci kofin gasar sau biyu, ya harbi kansa a ƙirji a 2011, ya bar wasiyya a binciki ƙwaƙwalwarsa. Dukansu an sami cutar. A 2017 masana na Jami'ar Boston suka binciki ƙwaƙwalen tsofaffin 'yan wasan NFL 111, suka same ta a 110. Gaskiya ne iyalan da suka riga suka ga alamun ciwo su ne suka fi ba da ƙwaƙwalen, don haka adadin bai wakilci dukan 'yan wasa ba, amma ya isa ya tayar da hankalin mai tunani. Abin lura shi ne, gaɓar da wasan ke lalatawa ita ce Rolle ya zaɓi ya ƙare rayuwarsa yana yi wa magani.

Ba muna cewa ɗalibi ya guji fili ba ne. Rolle kansa bai guje shi ba, kuma jimiri da ladabi da aiki tare da jama'a da ya koya can sun bi shi har ɗakin tiyata. Ba kuma muna cewa kowa zai zama likitan ƙwaƙwalwa ba. Abin da muke ƙi shi ne tunanin da ya sa aka yi wa saurayi kallon tuhuma don ya nemi ilmi, kamar dai ɗan wasa jiki ne kawai ba kai. Tunanin nan yana da ɗan'uwa a wajenmu, watau ganin cewa duk ɗalibin da ke filin wasa malalaci ne a aji. Dukansu biyu kuskure ne, kuma ɗalibin ne ke biyan kuɗin kuskuren.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa ɗalibai masu wakiltarmu a ƙwallo da guje-guje da dambe, kada lambar yabo ta sa su saki lacca, domin ƙafa tana gajiya tun kafin kai ya gaji. Muna roƙon masu horar da su da malamansu su riƙa daidaita lokutan atisaye da na jarrabawa, yadda ba za a tilasta wa kowa zaɓen ɗaya ya bar ɗaya ba. Har ila yau, duk ɗan wasan da ya bugu a ka, ko a ƙwallon ƙafa ne, a fitar da shi daga fili nan take likita ya duba shi, kada a bar shi ya ci gaba don gudun a ce ya yi raki. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Taura biyu tana taunuwa, in an bi ta ɗaya bayan ɗaya, kuma aka san wadda za a riƙe in ɗayar ta suɓuce. Allah Ya ba mu ilmi mai amfani da lafiyar yin aiki da shi, amin.