A Bar "Sabis" a Bakin Masu Ita



Akwai wani gyara da ya zama ruwan dare a tsakaninmu. Da zarar an ga kalma mai ƙanshin Turanci a labarin wani, sai a ja mata layi, a ce ya nemo tsantsar Hausa. Niyyar mai kyau ce, amma sau da yawa garin neman gira ake rasa ido. Mu ɗauki kalma ɗaya tak: sabis.

A watan Satumba na 2021, zamanin Gwamna Bello Matawalle, aka rufe layukan waya a faɗin jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga. Mutanen Gusau da Tsafe suka riƙa biyan kuɗin mota zuwa Funtuwa don kawai su ji muryar 'yan uwa ko su tura kuɗi, kafin ita ma a rufe ta. Harkar masu POS ta tsaya cak. Sai a farkon Oktoba aka buɗe wa Gusau, sauran wurare suka ci gaba da jira.

To, a ce kana rubuta labarin waɗannan kwanaki. Ga wata tsohuwa a Bungudu, ɗanta ya yi tafiya, kwana tara ba amo ba labari. Me za ta ce? "Babu sabis, ɗan nan." Wannan ita ce maganar da kowa ya yi, mai boko da wanda bai taɓa taka makaranta ba. In ka sa mata "babu hidimar sadarwa" a baki, ka mayar da ita mai karanta labarai a gidan rediyo, fargabar da ke ƙirjinta kuma ta bi iska. Mai karatun da ya taɓa hawa tudu yana ɗaga waya sama zai gane nan take cewa marubucin bai saurari mutanensa ba.

Kalmar ba a waya kaɗai ta tsaya ba. Wanda ya gama jami'a aka turo shi sansanin masu yi wa ƙasa hidima, shi ma cewa yake ya zo sabis, duk da cewa tsarin da gwamnatin Yakubu Gowon ta kafa a 1973 yana da sunansa na Hausa, bautar ƙasa. (Wanda ya raɗa sunan nan ya yi dace, domin tushen kalmar a Latin daga "bawa" ya fito.) A garejin bakanike kuwa, sabis juyen baƙin mai ne da canjin fulogi. Mai gurnani ɗaya, janareto, shi ma ana yi masa. Ba wanda ya taɓa rikicewa, domin aikatau ne ke raba gardama: sabis na waya ɗaukewa yake ya dawo, na mota yi ake, na bautar ƙasa tafiya ake.

Inda nake tare da masu gyara shi ne nan: Bahaushe bai ari duk ma'anonin da Bature ke ba kalmar ba, zaɓe ya yi. A Turanci ita ce dai ake faɗa wa aikin gwamnati, da ibadar coci, da yadda ake kula da baƙo a otal. Mu kuwa muna da aikin gwamnati, Hausawa Kiristoci suna da sujada, baƙo kuma tarba ake yi masa. Marubucin da ya rubuta "ya shekara talatin yana sabis a ma'aikatar ilimi" da Turanci ya yi tunani, ya zo ya juye mana. Wannan kam a ja masa layi, har biyu ma.

Ita kanta "hidima" da ake gudu wajenta daga Larabci muka samo ta, ta dai riga zuwa ne ta zama 'yar gida. Kuma tana da nata aikin: hidimar biki, hidimar iyali, hidimar baƙi. Ka gwada ce wa bakanike a Gusau ka kawo mota a yi mata hidima, sai ya tambaye ka ko amarya za a ɗauko da ita.