Littattafan da Ba a Kiran Sunansu a Aji

In aka tsai da ɗalibin Hausa a ƙofar ɗakin karatu aka ce ya lasafta fitattun littattafan harshen nan, ba zai yi wata-wata ba. Zai fara da biyar ɗin nan da suka biyo bayan gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 a ƙarƙashin Rupert East, watau Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East. Daga nan zai kawo Magana Jari Ce, ya gangaro kan So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed wanda ya fito a 1980, da Turmin Danya da Ƙarshen Alewa Ƙasa na 1982. In aka ce ya juya ga waƙa, sai ya ambaci Imfiraji ta Aliyu Namangi, da waƙoƙin Sa'adu Zungur da na Mu'azu Haɗeja, da Fasaha Aƙiliya na Aƙilu Aliyu. To, a nan numfashinsa zai ƙare.

Babu mai ja da darajar waɗannan littattafai. Sai dai duk wanda ya duba jerin da idon basira zai ga kashi biyu ne kurum a ciki, ƙagaggen labari da rubutacciyar waƙa. Akwai wasu kashi biyu da sauran al'ummomi ke sanyawa a sahun gaba in suna ƙirga manyan littattafansu, su ne tarihin rayuwa wanda mutum ya bayar da bakinsa, da kuma labarin da aka tsara shi cikin zane. Waɗannan biyu an bar su a bayan ƙofa, kuma asarar da ake yi ba ƙarama ba ce.

A ɗauki tarihin rayuwa tukuna. Kowane ɗalibi ya san yadda aka sace Umar yana yaro, aka ƙetare hamada da shi, uwarsa ta bi sawu tana nema. Amma nawa ne suka san Dorugu? Shi ba ƙaga shi aka yi ba. Yaro ne daga ƙasar Damagaram wanda mahara suka kama aka sayar a Barno. Wani Bajamushe matafiyi, Adolf Overweg, ya 'yanta shi, bayan rasuwarsa kuma a 1852 ya koma hannun Heinrich Barth, ya bi shi har Tambutu, suka ƙetare hamada, suka isa Ingila a 1855. A can ya zauna ya ba J. F. Schön labarin rayuwarsa da Hausa tsantsa, aka buga a cikin Magana Hausa a 1885, kusan shekara 50 ke nan kafin Shaihu Umar. Ya rasu a Kano a 1912. Ga bawa na gaskiya yana faɗin yadda aka raba shi da iyayensa, yana kuma bayyana Turawa a gidajensu da idon Bahaushe. Da a ce ana karanta littattafan biyu kafaɗa da kafaɗa, da ɗalibi ya gane inda Tafawa Ɓalewa ya tsaya ga gaskiyar zamanin bauta, da inda ya yi mata kwalliya.

Haka kuma Baba mutuniyar Karo, wadda ta rayu daga 1877 zuwa 1951. Tsohuwar nan ta zauna da Mary Smith a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, ta zayyana mata aure da kishi, da ƙawance, da goyo, da bori, da harin bayi, da zuwan Nasara, duk kamar yadda aka gan su daga cikin gida. Da Hausa ta yi magana, amma da Ingilishi littafin ya fito a 1954, ya zaga jami'o'in duniya, 'yan'uwanta mata kuwa ba su san ana yi ba. Sai bayan shekaru da dama aka buga shi da harshen da aka faɗe shi. Wannan ita ce cutar da ta daɗe tana cin fannin: Bahaushe ya yi rayuwarsa da Hausa, in an tashi rubuta ta sai a ari bakin wani. Sardauna Ahmadu Bello da Ingilishi ya fara fitar da tarihinsa a 1962. Shi kansa Abubakar Imam, wanda ya nuna gwaninta a Tafiya Mabuɗin Ilmi, labarin zuwansa Ingila a 1943, da Ingilishi aka buga tarihin rayuwarsa a 1989.

Dalilan wannan ba ɓoyayyu ba ne. Na farko, tun daga Hukumar Fassara har zuwa NORLA da kamfanin NNPC, makaranta ce babbar kasuwar littafin Hausa, abin da manhaja ba ta nema ba kuwa mai ɗab'i ba ya kasada da kuɗinsa a kai. Na biyu, akwai kunya da kawaici irin na Bahaushe, wanda ya tashi yana jin cewa yabon kai jahilci ne. Amma ai ba da shaida dabam, yabon kai dabam. Dorugu bai yabi kansa ba, Baba ma haka. Abin da suka gani suka faɗa, shi ya sa maganarsu ta yi ƙarko.

Sai batun labarin zane. Da an ambace shi wasu malamai kan yatsine fuska, su ce ai wannan abin wasan yara ne. Duniya ta wuce nan tuni. A Amurka, Art Spiegelman ya zana labarin mahaifinsa Bayahude da uƙubar da ya sha a sansanin 'yan Nazi, ya sa wa littafin suna Maus, aka ba shi lambar Pulitzer a 1992. Marjane Satrapi ta zana ƙuruciyarta a Iran lokacin juyin juya halin 1979 a cikin Persepolis, wanda ya fara fitowa a Faransa a 2000. Nan kusa kuma, Marguerite Abouet ta Kwaddibuwa ta tsara Aya de Yopougon a 2005, labarin 'yan mata a wata unguwar Abijan, an kuwa fassara shi zuwa harsuna da yawa. Abin lura shi ne biyun farko tarihin rayuwa ne kuma zane ne a lokaci guda. Ashe kenan ƙofofin nan biyu da aka rufe ɗaki ɗaya suke shiga.

Ƙasar Hausa ba ta rasa masu zane ba. Duk wanda ya dubi bayan manyan motoci a kan hanyar Kano zuwa Zariya ya ga hannu. Ba ta kuma rasa labari ba. Abin da aka rasa shi ne wanda zai haɗa mai alƙalami da mai zane a tabarma ɗaya. Yaron da bai iya haɗa baƙi sosai ba, hoto ne ke jan hannunsa zuwa ga rubutu, in bai samu da Hausa ba zai nema da wani harshe, daga nan kuwa da wuya ya waiwayo.

Saboda haka nauyi yana kan sassan Hausa na jami'o'i. Ya kamata a sanya Dorugu da Baba a manhaja, a nazarce su a matsayin adabi, a dubi salonsu da zubinsu kamar yadda ake duban Ruwan Bagaja. Ya kamata kuma a sassauta wa ɗaliban shekarar ƙarshe: maimakon kundi na ɗari a kan jigon littafin da aka riga aka tatse, a tura wani ya zauna gaban tsohon maƙeri, ko ungozoma, ko bafataken da ya yi safarar goro daga Gwanja, ya ɗauko rayuwarsa da kalmominsa. Wani kuma a haɗa shi da ɗalibin sashen zane, su mai da ƙuruciyar Dorugu littafin hoto.

Littafin da ya ƙare a kasuwa ana iya sake buga shi ko bayan shekara 100. Tsohon da ke zaune a zaure yau da labarin zamaninsa a baki, shi ba ya jiran mai ɗab'i. Hausawa dai sun ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.