Ra'ayinmu: Kircin yara da man shafawa na kasuwa

Duk shekara in hunturu ya kama, iyaye mata suna cika gidajen likita daga Maraɗi zuwa Ƙonni da yara masu kirci: fata ta bushe, ta tsage a lanƙwasar hannu da bayan gwiwa. Da yawansu suna komawa gida rai a ɓace, domin an ce musu abin ba mai tsanani ba ne.

Uwa da likita ba da mudu ɗaya suke awo ba. Likita yana duban faɗin wurin da ciwon ya ci, da kaurin fata, da jan da ta yi, a cikin ɗan lokacin da yaron yake gabansa. Ita kuwa uwa tana ƙidayar dararen da yaro ya kwana yana susa har jini ya ɓata zane.

Mun fi karkata ga uwa, kuma muna da dalili. Ma'aunin da ake kira SCORAD, wanda likitocin Turai suka fitar a 1993, yana ba da maki ga jan fata. To, a baƙar fata ja ba ya fitowa sosai; wurin yakan yi duhu ko launin toka. Wani bincike da aka yi a Landan a 2002 ya nuna dogaro da jan fata yana sa a raina tsananin kircin yara baƙar fata. A 2004 likitocin Nottingham a Ingila suka fitar da POEM, tambayoyi 7 kan satin da ya wuce, ciki har da ƙaiƙayi da rashin barci, iyaye ne ke amsawa. Ba ya cin ko dala. Me zai hana ma'aikatan lafiyarmu su riƙa yin waɗannan tambayoyi?

Ƴan kasuwa, ga inda maganar ta shafe ku. Uwar da aka sallama ba ta gamsu ba, teburinku take nufa. A kasuwannin iyaka irin su Jibiya da Illela ana sayar da man shafawa mai clobetasol ko betamethasone kamar ana sayar da ashana, shi ne ma wanda mata ke shafawa don fari. Yana kwantar da ƙaiƙayi nan da nan, shi ya sa yake da kasuwa. Amma fatar jariri siririya ce, tana shanye maganin zuwa cikin jini. In an daɗe ana shafawa fata takan yi laushi ta tsage, girman yaro ma yakan tsaya. In kuwa ƙazuwa ce ko makero, ciwon ɓuya zai yi ya ƙara yaɗuwa.

Muna roƙonku kada ku miƙa irin wannan mai ga yaro sai da takardar likita. Ku sayar wa uwa man kaɗe ko basilin, a shafa da zarar an gama wanka, a rage sabulu mai ƙamshi. Ku ce mata ta lissafa dararen da yaro bai yi barci ba ta faɗa wa likita. In wurin ya fara ruwa ko mugunya, ko yaro ya yi zazzaɓi, a kai shi gidan likita a ranar.