Wai Mun Yi Sanyi

Duk matashin da ya daina kafirta mutane, abin da ake fara cewa shi ne "ya yi sanyi". In ya dage, a ce Turawa sun saye shi. Ni ma an jefe ni da wannan magana, a fada wajen shan shayi, a WhatsApp, har a bakin masallaci. Salla ban bari ba, azumi ban bari ba. Abin da na ajiye shi ne sikelin auna imanin jama'a: wannan mushriki, wancan ɗan bidi'a, kar a ci yankan wane, kar a bi wane salla.

To, zafin da ake mana gori da shi, me ya haifar mana?

Ran Juma'a 16 ga Janairu 2015 Damagaram ta kama da wuta, washegari Yamai ta ɗauka. Mutum 10 suka mutu, aka ƙona majami'u masu yawa. Zanen ɓatancin da jaridar nan ta Faransa ta yi ya ɓata min rai, har gobe yana ɓata min. Amma wanda ya yi zanen yana can Faris, ko hayaƙin bai shaƙa ba. Waɗanda aka ƙona wa wuraren ibada 'yan Nijar ne, kasuwarmu ɗaya, layinmu ɗaya a asibiti. Mako uku bayan nan Boko Haram ta faɗa wa Boso da Difa, kuma ba ta tsaya tambayar wa ke salla ba.

Wuƙar kafirtawa ba ta san iyaka ba, wannan shi ne abin da ba a faɗa mana a wajen wa'azi. Yau Kirista, gobe ɗan ɗarika, jibi malamin da ya karantar da kai. Malam Albani Zariya ai ba wanda zai ce mai sanyi ne. A Fabrairu 2014 aka harbe shi tare da matarsa da ɗansa, Shekau ya fito ya ce su ne. A Maris 2025, a Fambita cikin jihar Tilaberi, mutum 44 aka kashe ana tsakiyar sallar Juma'a. A cikin masallaci fa! Su ma makasan gani suke sun fi kowa tauhidi.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda ake nuna kamar sassauci baƙon abu ne da aka shigo mana da shi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Maratta aka haife shi, nan cikin jihar Tawa ta yau. Ya bi malaminsa Jibrilu ɗan Umaru har Agadas don neman ilimi. Malam Jibrilu na ganin wasu manyan zunubai na fitar da mutum daga Musulunci. Shehu, duk da girman da yake ba shi, ya ce a'a, mai saɓo mai saɓo ne, ba kafiri ba, kuma ya rubuta hakan. A zamaninsa akwai ɗalibai da ke tare talakawa da tambayoyin tauhidi, wanda ya kasa kawo hujja su ce ba Musulmi ba ne. Shehu ya yi ta rubuta littattafai yana yi musu raddi. Mutumin da ya ja jihadi sukutum ke nan. Shi ma sanyi ya yi? Wace ƙungiyar Turawa ce ta biya shi?

Imamu Malik, wanda mazhabarsa muka gada a ƙasar nan, halifa ya nemi ya tilasta wa kowa bin Muwaɗɗa, ya ƙi, saboda sahabbai sun watsu a garuruwa, kowane gari da ilimin da ya iske su. Yau yaron da ya saurari wa'azi uku a waya shi ke yanke wa kakarsa hukuncin wuta.

Ƙanena da ke karanta wannan a ɓoye, kana tsoron abokan majalisa su gani: na san abin da ke riƙe ka. A can ka samu 'yan'uwa, can aka fara kiran ka "ustaz" lokacin da takardar lakwal ba ta ba ka aiki ba. In ka fita za su daina amsa sallamarka, wasu har bikinka ba za su zo ba. Da ciwo, wallahi. Amma ka tambayi malamin naku, cikin ladabi, ya karanta muku abin da Shehu ya rubuta a kan kafirta talakawa, ka ga ko zai buɗe littafin.

Ni dai Juma'ar nan a masallacin da ya fi kusa da gidanmu zan yi salla, ko liman ya yi ƙabalu ko ya yi sadalu.