Daga Bakin Shago: Ranar Da Kwamfutata Ta Koma Tafiyar Hawainiya

Yau ba zancen farashin dabino ko canjin dinari da sefa zan yi ba, zancen tsohuwar kwamfutar shagona ne, wadda saura ƙiris na yi asarar da ta fi kuɗinta sau ɗari.

Kwamfutar irin ta kan tebur ce mai Windows XP, wanda ya fito a 2001, kamfanin Microsoft kuma ya daina kula da shi tun Afrilun 2014. Na sani ta tsufa. Amma a cikinta lissafina yake: wanda ya ɗauki taliya bashi zai kai Arlit, wanda ya bar mini ajiya ya wuce Agadas, da abin da nake aika wa gida Maradi duk wata. Da muka sauya shago a nan Tamanrasset, aka ɗora ta bayan mota tare da buhuna, ta sha girgiza. Bayan 'yan kwanaki sai ta fara nawa. In na kunna ta, sai na dafa shayi na sha kafin ta buɗe. In na sa karatu, murya ta riƙa karkarwa, kibiyar nan ta kan allo kuma tana tsalle.

Ana haka wani abokin ciniki ya iso daga In Guezzam, tafiyar kilomita kusan 400, yana son mu rufe lissafi ya juya. Muka zauna muna kallon allo kusan rabin awa. Bai ce komai ba, amma na ga fuskarsa. A sana'armu, mai jan ƙafa wajen buɗe lissafi zargi yake jawo wa kansa.

Na kai ta wajen wani mai gyara, ya ce ƙwayar cuta ce, a share komai a sake zubi. Har na kusa yarda. Allah Ya taimake ni ɗan ƙanwata da ke karatu a jami'ar garin nan yana tare da ni. Ya ce, "Kawu, kar a share tukuna, bari in duba abu ɗaya." Muka dawo da ita shago, ga abin da ya nuna mini.

Rumbun ajiyar kwamfuta, wanda masu gyara a nan ke kira disk dur, hanya biyu yake miƙa bayanai. Ta farko sunanta DMA: kamar 'yan dako ne ke sauke kaya daga mota kai tsaye zuwa sito, maigida na zaune yana sallamar masu saye. Ta biyu PIO: maigida da kansa ke ɗaukar kowane buhu, ciniki ya tsaya cak. Maigidan shi ne ƙwaƙwalwar kwamfuta. PIO ko ya ƙure gudu bai wuce megabait 16.6 a daƙiƙa ba, shi kuwa Ultra DMA 5 yana kai 100. Dabi'ar Windows XP ita ce, in ya ƙirga kuskure shida wajen magana da rumbu, sai ya rage gudu. In kuskure ya ci gaba, ya riƙa saukowa mataki-mataki har ya dire kan PIO, kuma ba ya komawa sama da kansa ko da matsalar ta wuce.

Ga yadda ake dubawa. Tunda kwamfutocin nan Aljeriya yawanci da Faransanci suke, zan kawo sunayen yadda suke a allo. Ka danna Poste de travail da maɓallin dama, ka zaɓi Propriétés, sai Matériel, sai Gestionnaire de périphériques. Masu ta Turanci, Device Manager ke nan. Ka buɗe Contrôleurs ATA/ATAPI IDE, ka shiga Canal IDE principal, ka duba Paramètres avancés. In an zaɓi DMA si disponible amma layin ƙasa yana nuna Mode PIO, to ka kama ɓarawon. Tawa haka ta nuna.

Kafin ka taɓa komai, kwafe lissafinka a filash, wanda mutanenmu na Nijar ke cewa kile. Namu ya ɗauki lokaci saboda nawar, muka yi haƙuri. Sannan ka kashe kwamfuta, ka zare wayar wuta, ka buɗe murfin. Abin da muka tarar na ƙura, sai wanda ya san iskar garin nan. Faffaɗar igiyar da ta haɗa rumbu da babban allon ciki ta ɗan zame gefe guda, girgizar mota ce ta jawo. Irin wannan igiya kala biyu ce, mai zare 40 da mai zare 80. Bakinsu ɗaya, amma mai 40 ba ta barin gudu ya wuce megabait 33. Mai 80 zarenta sun fi siriri, kuma bakinta shuɗi shi ake sokawa a allon. Muka sayo sabuwa da kuɗin da bai kai na buhun gawayi ba.

Mataki na ƙarshe: ka kunna, ka koma kan Canal IDE principal, ka danna dama, ka zaɓi Désinstaller, ka sake kunna kwamfutar. Kar gabanka ya faɗi, ba ya taɓa ajiyarka. Windows zai sake gano hanyar da kansa, ya manta tsohon ƙirgen kurakuransa. Da muka duba, sai ga Ultra DMA Mode 5. Lissafin da ke cin rabin awa ya buɗe kafin in gyara zama.

Sai dai a kula. In bayan kwana biyu ta sake komawa PIO alhali igiya sabuwa ce, ko kana jin rumbun yana ƙas-ƙas, to shi ne ke shirin mutuwa. Akwai manhaja kyauta mai suna CrystalDiskInfo da ke nuna lafiyarsa. In ta nuna gargaɗi, kwashe kayanka ka sauya rumbu tun da wuri. Tsohon XP kuma kar a riƙa hawa intanet da shi, ba shi da mai tsaronsa yanzu.

Yaron ya ce mini, "Kawu, ka sayi sabuwa mana." Na ce masa da tsohuwar zuma ake magani, amma na ji, bayan kasuwar Assihar za mu duba. Abin da na sauya tun yanzu shi ne, kowace Juma'a bayan sallah ina kwafe lissafi a kile biyu, ɗaya a shago ɗaya wajen uwargida, manyan basussuka kuma na mayar da su littafi da biro. Dukiyar mutane ce a hannunmu, kuma ranar da aka zo karɓa ba wanda zai saurari labarin igiya ta zame.

Wanda ya gwada ya ga wani abu daban, ya aiko mini ta hannun edita, zan tambayo masa. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Allah Ya ba da kasuwa mai albarka, Ya kai matafiya gida lafiya.