Kaka ta yi: kayan wasan ƙannenku suna gona

Ruwa ya ɗauke, gero ya shiga rumbu, dawa ta sunkuyar da kai, kuma duk wanda ya bi hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu a 'yan kwanakin nan zai ga fadamar Rima cike da masu yankan shinkafa. Lokaci ne da manya ba sa zaman gida. Baba yana gona, Inna tana wajen sussuka ko shiƙa, sai a bar wa yayye kula da ƙanana. Wato ku ke nan. Da an tashi daga makaranta, kai ne ko ke ce mai tsaron yaro ɗan shekara 4 ko 7 har magariba.

Yaron da ba a ba shi abin yi ba, shi zai nemo wa kansa, kuma sau da yawa abin da yake nemowa shi ne bakin gulbi ko bakin titi. Motar roba ta kasuwa tana cin kuɗi, ga ta ba ta kwana bakwai ba ta karye ba. Miƙa wa yaro waya kuwa yana sa shi shiru, amma hannunsa bai koyi komai ba. To, ga ayyuka biyar da kusan ba sa cin ko sisi, kuma kowannensu yana ɗauke da darasin da ake koya muku a aji.

Na farko, motar kara. A samo karan dawa busasshe, a yanka shi gaɓa-gaɓa, a ɓare ɓawon a tsaga shi siri-siri. Totuwar da ke ciki ita ce katako, ɓawon kuma shi ne ƙusa: ana soka shi cikin totuwa ya haɗa wannan da wancan. A fara da gindin mota mai kusurwa huɗu, sannan a ɗora jiki. Tayoyi kuwa, a fafe su daga sakaina ko tsohon silifa, a huda tsakiya, a zura tsinke mai ƙwari. Idan hudar ta kauce daga tsakiya, motar za ta riƙa ɗingishi. Kada ku gyara wa yaron nan take. Ku tambaye shi me ya sa, ku bar shi ya gwada wata tayar. Ranar da malamin lissafi zai yi masa bayanin da'ira da cibiyarta, zai tarar ya riga ya sani da hannunsa. Da irin wannan dabara ake yin tabarau, jirgin sama, keji da gadon 'yar tsana.

Na biyu, ƙaramin masuncin Argungu. Kowa a nan ya san bikin kamun kifi da ake yi a Matan Fada, yawanci a watan Fabrairu ko Maris. An fara shi a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, abin da ya tabbatar da zaman lafiya tsakanin Sakkwato da Kabi bayan doguwar gaba, kuma a 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya. Kayan aikin masuncin su ne gora da homa. A gida, ƙaramin ƙoƙo zai tsaya a matsayin gora. A lanƙwasa tsinken kaba, a ɗaura masa guntun buhun albasa mai raga, irin wanda ake ɗauko albasar Aliero a ciki, ga homa ta samu. Guntayen totuwa su zama kifi a cikin baho. Bayan an gama kamun, sai a sa yaro ya riƙa jefa tsakuwa ɗaya-ɗaya cikin ƙoƙon yana ƙirgawa har ya nutse, sannan a gwada da ƙoƙon da ya fi girma. Babban zai ɗauki tsakuwa fiye da ƙaramin, domin ruwan da yake turewa ya fi yawa, kuma gwargwadon nauyin ruwan da abu ya ture, gwargwadon ƙarfin da ruwa ke tallafe shi da shi. Wannan ita ce ƙa'idar da Archimedes, masanin nan Bagirke, ya bayyana fiye da shekara 2,200 da suka wuce, kuma ita ce ke riƙe ƙato a kan gora a tsakiyar gulbi.

Na uku, fenti daga kicin. Yanzu ne zoɓo yake shigowa kasuwa, wanda mu a nan muka fi sani da soɓorodo. A jiƙa kaɗan a ruwan zafi har ya yi ja sosai, a raba shi kofi uku. Na farko a bar shi yadda yake. Na biyu a matsa masa lemon tsami, jansa zai ƙara haske. Na uku a ɗiga masa ruwan kanwa ko ruwan toka, sai ya juye ya yi duhu-duhu ya nufi kore. Yara suna ɗaukar wannan tamkar siddabaru, amma 'yan ajin kimiyya sun gane cewa zoɓon yana nuna bambancin abu mai tsami da kishiyarsa ne, kamar takardar gwajin da ke ɗakin kimiyya. A ƙara da gawayi don baƙi, jar ƙasa don ruwan ƙasa. A tauna bakin tsinken kara ko a daddaƙa shi ya zama buroshi, bayan tsohon kwali ya zama allon zane. Kofin da aka sa wa kanwa ko toka na fenti ne, ba na sha ba.

Na huɗu, taswira da yumɓu. A zana taswirar Jihar Kebbi a kwali, a raba ta masarautu huɗu: Gwandu, Argungu, Yawuri da Zuru. A dama garin rogo ko sitaci a wuta ya yi kauri, ya zama gam, in kuma akwai ƙaro a jiƙa shi. Sai a manna wa kowace masarauta irin ƙwayarta: wannan 'ya'yan tsamiya, wancan shinkafa mai ɓawo, wancan dawa, wancan wake. Zare shuɗi ya zama gulbi. Wanda ya ƙware sai ya gwada ƙananan hukumomi 21 na jihar, wadda aka ƙirƙiro ranar 27 ga Agusta, 1991. A yi amfani da abin da aka sharo a masussuka ko aka samo wajen kala, kada a taɓa awon gida. Waɗanda ke kusa da fadama kuma suna da yumɓu kyauta. A cuɗa shi da ɗan yashi, a gina tukwane, shanu, raƙuma da kwalekwale, a shanya a inuwa. Idan aka kai rana kai tsaye, bayan zai bushe kafin cikin, sai ya tsage.

Na biyar, dara. A haƙa gurabe 30 a ƙasa, layi 5 kowanne da gurbi 6. Kowane ɗan wasa ya riƙe 'ya'ya 12, ɗaya guntayen kara, ɗaya tsakuwa. Ana dasawa ɗaya bayan ɗaya, ba a yarda a jera uku ba sai an gama dashe. Daga nan kowa ya riƙa gusa ɗansa gurbi ɗaya, gaba, baya ko gefe. Wanda ya jera uku ya ci, sai ya cire ɗan abokin wasansa guda. Akwai ɗan bambancin doka daga gari zuwa gari, saboda haka ku nemi wani dattijo a unguwa ya nuna muku ta garinku. Yaro ɗan shekara 7 yana iya koyonta, kuma tana koya masa ya yi tunani kafin ya miƙa hannu.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne, domin rigakafi ya fi magani. Kara yana da mai shi. Da shi ake danga, ake hura wuta, ake ciyar da dabbobi, wasu ma sayar da shi suke yi, don haka a nemi izini kafin a ɗiba. Tarin kara da dami maɓoyar maciji da kunama ce a wannan lokaci: a sa takalmi, a bubbuga da sanda kafin a sa hannu, kuma babba ne zai ɗebo, ba ƙaramin yaro ba. Wuƙa da reza su tsaya a hannunku, kuma kada a tsinci tsohuwar reza a bola. Ɓawon kara shi kansa yana yanka kamar aska. Idan an yanke, a wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, in raunin ya yi zurfi a faɗa wa manya a tafi asibiti. Ɗan ƙasa da shekara 3 kada a bar shi da ƙwayar wake ko 'ya'yan tsamiya, domin baki da hanci yake kai su. Ruwan baho, ko bai kai tsawon tafin hannu ba, yana iya halaka mai rarrafe, saboda haka a zubar da shi da zarar an gama. Ɗebo yumɓu a bakin gulbi sai da babba. Ashana kuwa, ga busasshen kara ga iskar hunturu tana tahowa, kada ta kusanci wurin wasa ko kaɗan.

Abu na ƙarshe: ku bar yaron ya yi da kansa. Motarsa za ta karkace, saniyarsa za ta fi kama da akuya. Ku yaba, ku tambaye shi labarin abin da ya gina. Idan an samu hali a ƙarshen mako, waɗanda ke Argungu su roƙi wani babba ya raka su gidan tarihi na Kanta, tsohuwar fadar sarki da aka mayar gidan tarihi a 1958, yara su ga kayan da hannun kakanninsu ya ƙera.

Aikin wannan mako: kowa ya zaɓi ɗaya daga cikin biyar ɗin nan ya yi da ƙanensa ko ƙanwarsa, sannan ya rubuto mana abin da ya faru cikin layi goma, har da tambayar da yaron ya yi wadda ta gagare shi amsawa. Za mu zaɓi wasu mu amsa su a nan. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.