Bindiga a gida: Kariya ce ko ƙarin haɗari? Abin da Rano da Kibiya suka gani

A ranar 27 ga watan Maris na 2025, saura kwana uku a yi Ƙaramar Sallah, wasu 'yan sintiri suka tare wata babbar mota a garin Uromi na jihar Edo. A cikinta akwai mafarauta da suka taso daga jihar Ribas za su gida Kano yin Sallah. Da aka caje kayansu aka ga bindigogin farauta ƙirar gida, sai aka ce masu garkuwa da mutane ne. Kafin 'yan sanda su shawo kan lamarin, gungun mutane sun kashe 16 daga cikinsu, aka kuma cinna musu wuta.

Da dama daga cikin mamatan 'yan ƙauyen Torankawa ne a ƙaramar hukumar Bunkure, sauran kuma daga Kibiya da Rano da Garko. Mutane ne da riƙe bindiga sana'arsu ce. Bindigogin suna tare da su a cikin motar, amma ba su tsare su daga komai ba. Su ne ma hujjar da aka kafa a kansu.

Wannan lamari ya cancanci a tuna da shi yanzu da maganar mallakar makami ta sake tasowa a Kano. Tun da 'yan bindiga suka riƙa tsallakowa daga Katsina suna kai hari a Shanono da Tsanyawa a ƙarshen 2025, mutanen karkara suke tambayar ko lokaci ya yi da kowane magidanci zai ajiye bindiga a ɗaka. Rano da Kibiya na nesa da waccan iyaka, amma suna kudancin jihar da ke da dajin Falgore, wanda ɓarayin shanu suka taɓa mayarwa mafaka. Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Masu cewa a nemi makami

Ba mutanen gari ne kaɗai ke wannan magana ba. A 2021, gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya fito fili ya nemi jama'a su mallaki makamai su kare kansu. A watan Yunin 2022, gwamnatin Bello Matawalle a Zamfara ta ce za ta raba fom 500 ga kowace ɗaya daga cikin masarautun jihar 19 domin masu neman lasisin bindiga. Kwamishinan 'yan sandan jihar ya ce takunkumin bayar da lasisi na nan daram, Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, shi ma ya ƙi amincewa da matakin.

Hujjar masu wannan ra'ayi ba abin wasa ba ce. Ɗan fashi yana da bindiga ko doka ta yarda ko ba ta yarda ba. 'Yan sanda sun yi kaɗan, kuma a ƙauyen da hanya ba ta da kyau, kafin su iso an gama ɓarna. A irin wannan hali, ce wa magidanci ya zauna hannu rabbana abu ne mai wuyar faɗa.

Ita dai doka ba ta sauya ba. Dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Irin na yaƙi, kamar AK-47, sai da izinin Shugaban Ƙasa. Bindigogin farauta na zamani sai da lasisin Babban Sufeton 'Yan Sanda. Bindigar toka kuma tana ƙarƙashin Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. A watan Agustan 2023, Babban Sufeto Kayode Egbetokun ya sanar da dakatar da bayar da lasisin ƙananan makamai. Wanda aka kama da bindiga ba lasisi na iya fuskantar ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ko tara, ko duka biyun.

Wato manomin Kibiya da ya ji kiran wani ɗan siyasa ya je wurin maƙeri, shi kaɗai zai tsaya gaban alƙali.

Inda aka gwada

Arewa maso yamma ta riga ta gwada wannan hanya sama da shekara goma, kuma sakamakon yana nan a fili.

A watan Agustan 2025, mutanen Unguwar Mantau a ƙaramar hukumar Malumfashi ta jihar Katsina suka yi wa 'yan bindiga kwanton ɓauna, suka kashe wasu, suka kuɓutar da mutanen da aka sace, suka ƙwace makamai da babura. Wannan ita ce ainihin nasarar da masu kiran a kare kai ke nufi. Bayan 'yan kwanaki, ranar 19 ga watan, 'yan bindigar suka dawo da asuba suka buɗe wuta a masallaci ana sallah. Gwamnatin jihar da kanta ta ce harin ramuwar gayya ne. Ɗan majalisar jiha mai wakiltar yankin ya ce mutanen da aka kashe sun kai 50.

Babu mai zargin mutanen garin da laifi don sun tashi tsaye. Abin lura shi ne yadda lissafin yake. Mutanen gari suna da gida da gona da masallaci da lokacin sallah da kowa ya sani. Ɗan bindiga shi ke zaɓar rana da sa'a, kuma idan ya sha kashi yau, gobe zai dawo da abokansa daga wata daba. Nasarar dare ɗaya ba ta zama tsaro sai idan akwai rundunar da za ta zauna a garin washegari, da jibi, da makon da ke biye.

Akwai kuma bambancin makami. Bindigar toka harbi ɗaya take yi, sai an sake ɗura mata albarushi. AK-47 kuwa gidan harsashinta na cin 30. A watan Maris na 2022, 'yan sa-kai fiye da 60 aka kashe a kwanton ɓauna guda a yankin Sakaba na masarautar Zuru a jihar Kebbi, dukansu sun fito ne da makamansu. Kafin nan, a watan Afrilun 2014, 'yan bindiga sun afka wa taron 'yan banga da shugabannin al'umma a 'Yar Galadima ta jihar Zamfara, mazauna suka ce an kashe fiye da mutum 100.

Ɓangaren da ba a cika son faɗa ba shi ne abin da makamin ya yi wa su kansu masu kare gari. Masu nazarin rikicin Zamfara sun daɗe suna nuna cewa kisan gilla da wasu 'yan sa-kai suka riƙa yi wa Fulani a kasuwanni, ba bincike ba shari'a, na daga cikin abubuwan da suka mayar da satar shanu yaƙin ƙabilanci. Su ma 'yan sintirin Uromi, a ganinsu garinsu suke karewa daga masu garkuwa da mutane. Gwamnatin Edo ta ce ƙungiyar tasu ba ta da rajista, ta kuma dakatar da kwamandan rundunar tsaron jihar bayan kisan.

Misalin da ake yawan kawowa na nasara shi ne Maiduguri a 2013, lokacin da matasan "Kato da Gora" suka kori Boko Haram daga unguwanni. Sai dai sunan kansa ya nuna makamin da suka fara da shi: gora da adda. Ƙarfinsu shi ne sun san kowa a unguwa, suna nuna wa sojoji, sojoji kuma na bayansu.

Me bincike ya ce?

Amurka ce ƙasar da aka fi nazarin wannan tambaya, domin a ƙiyasin cibiyar Small Arms Survey na 2017, akwai bindigogi kusan 120 a hannun farar hula ga kowane mutum 100. A Najeriya kusan uku ne ga mutum 100, wanda ya kama bindigogi kimanin miliyan shida.

Wani bincike da aka wallafa a 2009 a birnin Filadelfiya ya gano cewa wanda ke ɗauke da bindiga lokacin da aka kai masa farmaki ya fi wanda ba shi da ita yiwuwar a harbe shi, ninki huɗu da wani abu. Wani kuma na 2022, wanda ya bi diddigin manya sama da miliyan 17 a jihar Kaliforniya, ya gano cewa masu zama gida ɗaya da mai ƙaramar bindiga sun ninka sauran mutane haɗarin a kashe su. A cikin waɗanda abokin zamansu na aure ya harbe, mafi yawa mata ne.

Masu goyon bayan mallakar bindiga na da amsa: watakila waɗanda dama rayuwarsu ke cikin haɗari su ne ke sayen bindigar. Akwai gaskiya a ciki. Filadelfiya kuma ba Rurum ba ce. Amma abu ɗaya bai da iyakar ƙasa: ɓarawo na iya zuwa sau ɗaya a shekara goma, ita kuwa bindiga tana cikin gidan kullum, ranar faɗan gado, ranar rikicin iyakar gona, ranar da shanu suka shiga dawa, da ranar da yaro ya leƙa ƙarƙashin gado.

Abin da ya fi damun yankin

Laifukan da suka fi taɓa mutumin karkarar Kano su ne satar dabbobi da babura, ƙwacen waya, faɗan daba, da rikicin manoma da makiyaya lokacin kaka. Ɓarawon akuya da dare yake zuwa mai gida na barci, mai ƙwacen waya kuma kafin a juya ya ɓace. Bindiga ba ta da abin yi a nan. A rikicin gona kuwa, ita ce ke mayar da abin da dagaci zai sasanta zuwa jana'iza.

Abin da ya faru a Rano wata biyu bayan Uromi ya nuna inda ciwon yake. A ƙarshen watan Mayun 2025, wani matashi mai gyaran babur da 'yan sanda suka kama ya rasu. Fusatattun matasa suka far wa ofishin 'yan sandan garin, suka banka wa wani sashe da motoci wuta, suka ji wa Baturen 'Yan Sanda raunin da ya yi ajalinsa a asibiti a Kano. An kama mutane da dama. A wannan rana ba makami aka rasa a Rano ba. Yarda tsakanin jama'a da hukuma ce ta karye, kuma da a ce kowane gida na da bindiga a safiyar nan, da wuya gawa ta tsaya a biyu.

Su ma jihohin da suka fara kiran kowa ya nemi bindiga sun canja salo. Katsina ta kafa rundunar tsaron al'umma a watan Oktoban 2023, Zamfara ta ƙaddamar da Askarawa a watan Janairun 2024. Kano ta yi dokar tata rundunar a 2025, ta kuma ƙaddamar da jami'ai 2,000 a watan Disamba. Waɗannan rundunoni ba su tsira daga zargin wuce gona da iri ba, musamman a Zamfara. Bambancin shi ne jami'insu yana da suna a rajista, da kaki, da shugaban da za a kai ƙara wurinsa.

Jami'ai 2,000 a ƙananan hukumomi 44 na nufin kusan 45 ga kowace ɗaya idan aka raba daidai, kuma dole yankunan iyaka da Katsina su fi samun kaso. Don haka a Rano da Kibiya, nauyin zai ci gaba da zama a kan 'yan sintiri da mafarauta da sarakunan bakansu, waɗanda dama su ne suka san daji. Aikin da ke gaban ƙananan hukumomin biyu da Masarautar Rano shi ne a san su ɗaya bayan ɗaya, a san bindigar da ke hannun kowa, a haɗa su da ofishin 'yan sanda ta yadda wanda suka kama zai kwana a hannun hukuma. Mafarautan da ke tafiya kudu neman abinci kuma suna buƙatar shaidar da 'yan sandan jihohin da suke ratsawa za su iya tabbatarwa da kiran waya ɗaya, tun kafin jama'a su taru a kan mota.